Farin Gidan da Na Gina Babu Zaure

Jega, Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sauke ku Abuja lafiya ke da maigidanki, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Na saka wannan takarda cikin akwatin littattafanki, don na san shi za ki fara buɗewa kafin na tukwane.

Ranar da kike haɗa kaya kin tambaye ni har sau biyu ko zan iya zama ni kaɗai a gidan nan. Na ce miki gidan ya ishe ni abokin hira. Ba gaskiya na faɗa miki ba. Na kuma ga irin murnar da kika yi da kamfanin da ya ɗauke ki aikin zanen gidaje ya yaba hotunan gidanmu, suka ce irin wannan gini na mutanen bakin Bahar Rum shi ake yayi yanzu. Na ji daɗi, amma tsoro ya fi yawa. Na ƙare ƙuruciyata a aji ina nuna wa 'ya'yan mutane kurakuransu da jan biro, ban taɓa zaunar da ke na nuna miki nawa ba. Ba na so ki je ki gina wa mutane irin kaɗaicin da na gina wa kaina, kina zaton gadon kirki kika ɗauka.

Kin san labarin gidan, amma rabinsa kika sani. Tun ba a haife ki ba aka tura mu, mu 'yan kaɗan cikin malaman Larabci, kwas na wata tara a Tunis. Na sauka gidan wani dattijo mai sayar da turare a tsohon gari. Ranar hutu sai in hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari a bakin teku, inda kowane bango fari ne fat, ƙofofi da tagogi shuɗaye, furanni suna zubowa ta saman katanga. Akwai wani gidan shayi a saman rufi. Nan nake zama in kalli ruwa har inda ido ya ƙare, ni ɗan Mungadi da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbinmu na Jega ba. Na sayi littafin rubutu na cika shi da zane: ƙofofi masu baka, tagogin katako, tayil mai ado, kujerun ƙarfe masu lanƙwasa, matakalar hawa rufi. Na yi wa kaina alkawarin in Allah Ya ba ni fili, wannan gidan zan gina.

Da filin ya samu sai na kira Arzika, maginin nan na Alelu, Allah Ya jiƙansa. Ya karɓi zanen ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Can ya ɗago ya ce, "Malam, ina zauren?"

Na nuna masa falo, na ce ga inda baƙi za su zauna.

Ya ce, "Wanga ai na wanda anka gayyata ne. Wanda ba a gayyata ba hwa, ina zai zamna?"

Na yi dariya, na ce masa duniya ta ci gaba. Ya yi mini aiki mai kyau, har yau babu inda ya tsage. A inda zaure ya kamata ya kasance muka sa ƙofar ƙarfe shuɗiya da ƙararrawa a gefenta.

Baƙona na farko daga gida shi ne Kawu Manu, ƙanen Inna mahaifiyata. Ya zo cin kasuwa da albasarsa, ya biyo ya ga sabon gida. Ya tsaya bakin ƙofa yana ta sallama cikin rana, ba wanda ya ji shi, don tsakanin ƙofar da ɗakunanmu akwai nisa. Ya ga ƙararrawar, ya kuma san amfaninta, amma daga baya ya gaya wa Inna shi ba zai kira mai gida da ƙararrawa ba kamar ana tashin 'yan makaranta. Maƙwabcinmu Malam Sidi ne ya hango shi, ya kira shi zaurensa, ya ba shi ruwa da tabarma. Tun daga ranar duk wanda ya zo wurina daga Mungadi ko Danwarai, zauren Malam Sidi yake sauka, a aiko a kira ni. Waɗanda suka daure suka shigo kuwa, tun daga bakin ƙofa suke cire takalmi, su tako tayil mai zafi da ƙafa, su ɗosana a bakin kujerar ƙarfe kamar masu jiran likita. Ba wanda ya taɓa miƙe ƙafa a falona. Ba wanda ya taɓa yin gyangyaɗi a cikinsa.

Sai kuma teburin nan dogo da na sa kafinta ya yi mana. Na ce iyali su riƙa cin abinci tare, kuma har yau ban ga laifin wannan ba, don a kansa na san ku, na ji hirarku. Amma mazan layinmu bayan magariba kowa fito da tuwonsa yake yi a haɗu a zaure a ci tare, ni kuwa na bar fita. Ba wanda ya yi fushi. A hankali dai suka daina bar mini wuri a tabarma.

Don haka, Ummi, in mutum ya zo ya ce ki zana masa gida, kafin ki ja layi ko ɗaya ki tambaye shi su wa ke zuwa wurinsa ba tare da sun sanar ba. Ki tambaye shi ina ƙanen uwarsa zai zauna in ya iso da rana tsaka da ƙurar mota a jikinsa. In ya ce ba shi da irin waɗannan baƙi, ki bar masa wurinsu duk da haka. Zai tsufa.

Kuskure na biyu shi ne babba, shi ne kuma ban taɓa gaya wa kowa cikinku ba. Kun tashi kun ga ƙofar matakalar rufi a kulle, na ce muku don kada yara su faɗo ne. Ba shi ne dalili ba.

Satin da muka tare, bayan la'asar, na ɗauki butar shayi na hau rufin da abokan aikina biyu. Iska tana kaɗawa, ana hango fadama kore shar da gonakin albasa. Na ji kamar na dawo da bakin teku Jega. Muna cikin dariya na juya na dubi ƙasa, sai ga tsakar gidan Malam Sidi a shimfiɗe gabanmu kamar faifai. Matarsa Hajiya Kulu tana zaune da ɗaurin ƙirji tana yi wa ɗiyarta kitso. Har makewayinsu, da ba shi da rufi kamar na kowa, ana gani. Ta ɗago ta gan mu, maza uku a tsaye bisa kanta. Ta saki kan yarinyar ta shige ɗaki da gudu.

Washegari Malam Sidi ya zo. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce, "Malam, kai mai ilimi ne, ba ni da abin da zan hwaɗa maka wanda ba ka sani ba. Amma iyalina ba su da inda za su sha iska in ba tsakar gidansu ba."

Ni kuwa sai na amsa masa kamar ina gaban allo. Na ce filin nawa ne, hukuma ta amince da zanen, a ƙasashen Musulmi na ga ana yin haka, kuma ba leƙe ya kai mu ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Kalma biyu kawai ya zo nema, yi haƙuri, su ne ban faɗa ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce to madalla, ya juya.

Kafin sati ya zagayo ya kafa itatuwa ya rufe rabin tsakar gidansa da zana. Gidan da yake da haske da iska ya koma duhu, da bazara kamar tanda, da damina zanar ta jiƙe ta yi ta ɗiga. Na ci gaba da hawa rufin kusan wata guda don kada a ce an fi ni gaskiya, ina shan shayin da ba na jin daɗinsa, ina kallon zanar nan. Daga baya na sa kwaɗo na kulle. Amma ban je na gaya masa na kulle ba, shi ma bai cire zanarsa ba. Muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa, a tambayi iyali, kowa ya kama gabansa. Haka muka yi har aka haife ki, har kika gama jami'a a Aliero.

Ki riƙe abu biyu daga wannan. Na aiki: duk gidan da za ki zana, ki je filin da ƙafarki, ki shiga gidan maƙwabta in sun ba ki izini, ki tsaya inda matansu ke wanki ki ɗaga kai. Abin da za su gani, da wanda zai gan su, yana cikin zanenki ko kin zana shi ko ba ki zana ba. Na zaman aure da zaman mutane kuma: ranar da aka zo miki da ƙorafi kika ji amsoshi masu kyau sun cika miki baki, ki ji tsoron ranar. Mu da muka yi karatu mun iya kare kanmu, shi ya sa muke daɗewa cikin kuskure fiye da kowa.

Mahaifiyarki, Allah Ya haskaka kabarinta, ba ta taɓa yi mini musu a kan gidan ba, ni kuma na ɗauki shirunta yarda. Ban nuna mata zanen ba sai da aka kai linta. Ranar farko da ta ɗora turmi a tsakar gida, tayil biyu suka fashe. Ban yi faɗa ba, amma ta ga fuskata. Sai ta ja turminta da murhunta zuwa lungun nan na bayan ɗakuna, tsakanin bango da katanga, inda ba a yi daɓe ba. Can ta shuka zogale da lalle, can take shanya kuɓewa, can ƙawayenta ke samunta, can kuka yi rarrafe. Tsakar gidan da na ƙawata da kwarmin ruwa mai tsartuwa da itacen zaitun ta zama wurin wucewa. Ruwan ma sati ɗaya ya yi yana tsartuwa, famfo ya ɗauke, abin da ya rage a ciki ya tara sauro muka kwashe. Zaitun ɗin yana nan, kin san shi, bai taɓa yin ɗa ba.

Sau ɗaya ta taɓa faɗin wani abu. Na shigo da wasu baƙi ina zagayawa da su suna yabawa, bayan sun tafi na tambaye ta ko ta ji abin da suka ce. Ta ce, "Gidanka yana da kyau, Malam. Ni dai ban san inda zan aje kaina a cikinsa ba." Na ɗauka wasa take yi. Gidanka ta ce, kuma ban lura ba sai bayan shekaru.

Inna, wadda kika ci sunanta, kwana uku ta yi. Na gina mata ɗaki na musamman da taga shuɗiya mai kallon zaitun, na sa gado da katifa. Ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa kusa da gadon. Ta tambayi inda za ta ɗaure akuyarta, na ce za a duba. Ta ce farin bangon yana kashe mata ido, kuma ɗakin ba ya ƙamshin kowa. Rana ta huɗu ta ce a mai da ita Mungadi, akwai geron da ba a sussuka ba. Can ta zauna a ɗakinta na ƙasa har Allah Ya karɓi abinsa. Ɗakin da na yi mata shi ne wanda kika mayar wurin zanenki.

Ki riƙa tambayar matar gida, ko da mijin ne ya kira ki, ko da ya ce ba sai an tambaye ta ba. Ke mace ce, za a bar ki ki shiga inda ba a barin abokan aikinki maza. Wannan dama ce babba, kada ki yi wasa da ita. Ki zauna da ita a inda take girki, ki ga da me take girkin, ina take zuba toka, ina take zama in ta gaji. Ki bar mata ko taku huɗu ne na ƙasa tsura, wadda ba siminti ba tayil.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni kunya. Kina shekara ta uku a jami'a, bayan rasuwar mahaifiyarki da 'yan watanni, kin bar wani littafinki a kan tebur, mai bayanin gidajen Arewacin Afirka. Na buɗe don rage shiru. Sai na ga zanen tsohon gidan Tunis, an nuna wani ɗaki a bakin ƙofa, mai dakali hagu da dama, hanyarsa a karkace yadda na waje ba zai hango cikin gida ba. Suna ce masa siƙifa. Ummi, zaure ne. Na ajiye littafin na zauna. A irin wannan ɗakin dattijon nan mai turare yake zama kullum da yamma, maƙwabta su shigo ba sallamar ƙararrawa, a sha shayi, a yi gardama. Wata tara ina zama a ciki. Na ɗauko tsohon littafin zanena na duba shafi-shafi, babu shi ko sau ɗaya. Ban zana shi ba don ya yi kama da gida, ni kuwa abin da bai yi kama da gida ba na je nema.

Littafin ya kuma ce a tsoffin unguwanninsu rufi na mata ne, can suke shanya da hira, namiji ba ya hawa kai tsaye. Sai na tuna wata rana da na sa ƙafa a matakalar gidansa, dattijon ya kama hannuna cikin murmushi ya ja ni ya nuna mini wani turare. Rufin da na yi ta sha'awa na gidan shayi ne, an yi shi don baƙi irina. Mutanen da na kwaikwayi gidansu, da suna Jega, bayan Malam Sidi za su bi.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ba cewa nake ki bar wannan salon ba, akwai alheri mai yawa a cikinsa. Kaurin bangon nan ya sa ɗakunanmu sun fi na kowa sanyi a layin. Barandar mai baka tana tare rana, tagogin katako suna shigo da iska su bar zafi a waje. Maginanmu ma sun san baka tun kakanni, ki shiga tsohon soro ki ɗaga kai ki gani. Su da mu rana ɗaya ke dukanmu, kunya ɗaya muke ji, shi ya sa gidajenmu na asali 'yan'uwan juna ne. Ki ɗauko wannan zumuncin, ba fenti kaɗai ba. In za ki sa fari, ki shafa wa gindin bango launin ƙasa har zuwa gwiwa, don ruwan damina yana fallatsa jar ƙasa, ni kowace shekara sai na sake shafe. Ki rage kujerun ƙarfe, ki yi dakali a jikin bango a ɗora masa kilishi da matasai. Ki bar fili a falo wanda tabarma za ta shimfiɗu ba sai an ja tebur ba.

Saura abin da ya faru a bikinki da bayansa, wanda ba ki sani ba don kina cikin mata. Ranar ɗaurin aure na sa an kafa rumfa a waje da kujerun roba. Da na fito da hantsi sai na tarar babu dattijo ko ɗaya a ƙarƙashinta. Malam Sidi ya share zaurensa da ƙofar gidansa, ya fito da duk tabarmin da ya mallaka, ya cika randa. Mutanen Mungadi da Danwarai da na Aliero duk suna can sun miƙe ƙafa. Ba wanda ya roƙe shi.

Kwana uku ina juya abin. Shekaranjiya bayan la'asar na shiga zaurensa, karo na farko ba don an aiko kirana ba. Na same shi yana gyaran carbi. Na ce na zo ne a kan maganar rufi. Ya dube ni ya ce wane rufi, kamar bai gane ba, sai da ya bari na faɗa da bakina tun daga farko. Na ce masa na yi kuskure, ya yi haƙuri.

Ya ce, "Ni ai ba ni anka gani ba, Malam. Ga mai haƙƙin can ciki."

Ya leƙa ya kira Hajiya Kulu, ta tsaya daga bayan ƙofar ciki. Ta tsufa, muryarta ta yi rauni. Na maimaita abin da na faɗa. Ta ce ai maganar ta daɗe da wucewa. Ta ce washegarin ranar da mijinta ya zo wurina, mahaifiyarki ta shigo gidan da lulluɓinta, ta durƙusa a gabanta ta ba ta haƙuri, ta ce ni na aiko ta.

Malam Sidi ya ce, "Mun san ba kai ka aiko ta ba. Amma munka karɓa, don ita."

Shekara nawa muna kwana ɗaki ɗaya da baiwar Allahn nan, ba ta taɓa gaya mini ba.

Da zan tashi ya ce in na ga dama in fito da tuwona bayan magariba. Jiya na fita. Da na zauna hira ta mutu, kowa ya dubi kwanonsa, har sai da wani ya tambaye ni ko a Tunis ma da hannu ake ci, aka yi dariya, ni ma na yi. Ba zan ce miki na saba ba. Sun yi shekaru suna hirar da ban san farkonta ba, kuma da na dawo na rufe ƙofa gidan ya yi mini faɗi kamar kullum. Amma yau ma zan fita.

Saboda haka kada ki sake yi mini maganar in biyo ku Abuja, ke da yayyenki. Ina da aikin da ban gama ba a nan. Abin da nake roƙonki guda ɗaya ne, in kin natsu a ɗakinki, ba gaggawa. Ki zana mini zaure. Za a rushe matakalar rufin da ɓangaren katangar gaba, na auna wurin da igiya, zan aiko miki da awon ta waya. Ki yi masa baka da farin bango in kina so, ya dace da sauran gidan, amma ƙofarsa ta waje kada ki sa mata marfi mai kwaɗo. Ki auna shi ya ɗauki mutum goma a zaune da ƙafafu a miƙe. Na san ni kaɗai ne yanzu. Ki auna na goma ɗin.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sanya alheri tsakaninki da mijinki da danginsa, Ya haɗa ki da maƙwabta na gari, Ya sa ke ma ki zame musu ta gari. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kare ki daga abin da kike gani da wanda ba ki gani. Ki riƙa sa mahaifiyarki da Inna cikin addu'a. Ki gaishe da maigidanki da kyau.

Wassalam.

Mahaifinki.